Kansa ta kai ƙashin Baba, Baffa ya ce a sayar da gida a fita da shi waje

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Mahaifina magini ne, shekararsa 64, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya zauna a gida kwana biyu ba aiki ba. Da ginin nan ya ciyar da mu, mu bakwai, ya sa mu a makaranta. Wata biyar da suka wuce fitsari ya riƙe masa, aka sa masa roba, aka yi gwaje-gwaje, aka ce kansar mafitsara ce irin ta maza, kuma ta riga ta kai ƙashin bayansa da ƙugu. An fara yi masa allurar wata uku-uku. An yi ta farko, ta biyu kuwa lokacinta ya wuce da kusan wata guda ba mu haɗa kuɗin ba. Likita ya ambaci tiyatar cire 'ya'yan maraina, na kasa ko faɗa wa Baba. Ni ne babba, ina koyarwa a makarantar kuɗi, ƙannena biyu ne kawai ke samun ɗan abin hannu. Mun riga mun sayar da babur ɗinsa. Baffanmu ya ce a sayar da gidan da muke ciki a kai shi Masar, ya kuma ce kada a faɗa wa Baba sunan ciwon. Shi kuwa Baba da ya ɗan ji dama sai ya ce zai koma aiki, alhali da dare ba ya barci saboda ciwon baya. Ina jin kamar in ban sayar da gidan nan ba na ci amanarsa. Me zan yi?

Wani malami daga Kano

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Sannu da jinya. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne.

Shawararmu a kan gidan ita ce kada ku sayar. Abin da za a yi wa Baba a Masar a wannan mataki shi ne abin da ake yi a Asibitin Malam Aminu Kano da asibitin koyarwa na Shika a Zariya: a danne sinadarin da ke ciyar da cutar, a ƙara wani magani a kai idan jiki da aljihu za su ɗauka, a gasa ƙashin da ke ciwo, a kashe zafi. Kansar da ta bar inda ta tsiro ta shiga ƙashi ba a tumɓuke ta da tiyata, ko a Alƙahira ko a Indiya. Sai dai irin wadda Baba ke da ita tana cikin masu jin magani, mutane da yawa suna yin shekaru da ita suna zuwa masallaci da kasuwa da ƙafarsu. Ke nan doguwar jinya ce a gabanku. Kuɗin gidan za su narke tsakanin jirgi da masauki da tafinta da maimaita gwaje-gwajen da aka riga aka yi, ku dawo ku tarar da allurar nan tana jiranku, ga shi kuma babu ɗakin da za a kwantar da mara lafiya.

Abin gaggawa a wasiƙarka shi ne allurar da ta wuce lokaci. Cutar tana tsirowa ne a wata 'yar tsoka da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, wadda ta kewaye hanyar fitsari, likitoci na ce mata furostet. Abincinta sinadarin namiji ne, testosteron, wanda kusan dukkansa 'ya'yan maraina ke samarwa. Tun a 1941 wani likita a Amurka, Charles Huggins, ya nuna cewa idan aka yanke wannan sinadari cutar tana lafawa, kuma har yau a kan wannan ake gina duk sauran magani. Allurar da aka fi yi a nan ita ce goserelin, wadda aka fi sani da Zoladex: mai miligiram 3.6 duk kwana 28, mai miligiram 10.8 duk mako 12. Idan aka tsallake, sinadarin yana dawowa a hankali, cutar ta farka. Akwai kuma wani haɗari da ya kamata ka sani. Irin wannan allura tana fara ɗaga sinadarin na mako ɗaya zuwa biyu kafin ta kwantar da shi, kuma ga wanda cutar ke ƙashin bayansa wannan ɗagawar na iya sa ta kumbura ta danne laka. Shi ya sa ake haɗa allurar farko da ƙwayar bicalutamide mai miligiram 50 na wasu makonni. Tunda an sami tazara, kada ku sayo allurar ku kai wa mai kemis ya yi. Ku koma wurin likitan cikin makon nan, ku faɗa masa yawan kwanakin da aka makara da kuma dalilin, ba tare da jin kunya ba. Likitan da bai san aljihunku ba zai ci gaba da rubuta abin da ba za ku iya saya ba.

Wannan ne ya kawo mu kan tiyatar da ka kasa furtawa, kuma muna roƙonka ka dube ta da idon basira. Allurar da ake yi wa Baba tuni tana yin daidai abin da tiyatar za ta yi, wato tana hana 'ya'yan marainan aiki. Raguwar sha'awa da ƙarfin namiji, zufa da jin zafi na taso wa mutum lokaci-lokaci, kasala, raunin ƙashi a kan lokaci, duk iri ɗaya ne a hanyoyin biyu, amfaninsu a kan cutar ma ɗaya ne. Bambancin shi ne allura ana biyanta sau huɗu kowace shekara har iyakar rayuwa, tiyata kuwa sau ɗaya. Ƙaramin aiki ne, yawanci ba ya kai awa guda, ana iya yinsa da allurar kashe wurin ko ta baya ba tare da an sa mutum barci ba, a sallame shi ranar ko washegari. Sinadarin yana faɗuwa cikin kwana guda, babu waccan ɗagawar ta farko, babu maganar an makara ko magani ya yanke a kasuwa ko ya yi tsada. Akwai ma salon da ake cire tsokar ciki kawai a bar kwanson, don kada wurin ya zama fayau, ku tambayi likitan ko zai yi shi haka. Abin da ake faɗa a kanta shi ne ba a mayar da abin da aka cire, kuma haka ne. Amma wanda cutar ta kai masa ƙashi dama ba a sa ran dakatar masa da allurar. Ga iyali irin naku, wannan tiyata ita ce mataki ɗaya da zai fi rage muku nauyi, har kuɗin allurar su koma kan wani magani da zai ƙara wa Baba kwana da lafiya.

Ba kai za ka yi masa wannan magana ba. Ɗa ba ya zama gaban mahaifinsa ya tattauna irin wannan, kuma ba laifinka ba ne da ka kasa. Aikin likita ne, a ɗaki a rufe, tare da wanda Baba ya zaɓa ya zauna, ko amininsa ko Baffa. Mama ma tana da haƙƙin sani, domin abin ya shafi zamansu.

Ka ga ke nan shawarar ɓoye masa sunan ciwon ba za ta yiwu ba. Ba a yi wa mutum mai hankalinsa tiyata sai da yardarsa, ba ya kuma yarda da abin da bai san dalilinsa ba. Gidan ma nasa ne, ba na Baffa ba, ba naku ba, babu mai ikon ɗaga shi a kasuwa a bayan idonsa. Mutumin da aka sa wa robar fitsari, aka yanki naman jikinsa aka auna, aka sayar da babur ɗinsa, ya riga ya san abin ba ƙarami ba ne. Yawanci irin su Baba shiru suke yi don kada su tayar wa 'ya'yansu hankali, 'ya'yan ma suna shiru don kada su tayar masa, kowa na ɗauke da kayan shi kaɗai. Ka fara da tambaya: "Baba, me ka fahimta daga bayanin likita? Kana so a yi maka bayani dalla-dalla, ko mu riƙa ji muna faɗa maka?" Idan ya ce yana so ya ji, a gaya masa a gaban likita cewa kansa ce, ba a raba shi da ita gaba ɗaya, amma akwai maganin da ke danne ta. Kada a ce masa "babu magani", domin ba gaskiya ba ne, kada kuma a ƙirga masa watanni. Baffa kuma kada ka yi jayayya da shi a tsakar gida, ƙauna ce ta sa ya faɗi abin da ya faɗa. Ka roƙe shi ya raka ku asibiti, ya tambayi babban likitan da bakinsa: me za a yi a waje wanda ba a yi a nan? Abin da ba zai karɓa daga bakinka ba zai karɓa daga bakin likita. Idan kuma maganar ta zo gaban Baba, ku tuna masa abin da Manzon Allah (SAW) ya ce wa Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas lokacin da yake kwance yana son rabar da dukiyarsa, cewa ya bar magadansa da wadata ya fi ya bar su suna roƙon mutane.

Batun komawa aiki, kada ku hana shi kwata-kwata, ku canza masa aikin. Ƙashin da kansa ta shiga kamar azara ce da gara ta ci ta ciki, a ido lafiya lau, nauyi kaɗan ya karya ta. Saboda haka babu ɗaukar bulo, babu ɗaga buhun siminti mai kilo 50, babu hawa tsani ko saman gini, babu sunkuyawa a haƙa, babu doguwar tafiya a bayan babur a hanya mai ramuka. Karayar cinya ko ta ƙashin baya a wannan hali tana iya kwantar da shi kwanciyar da ba zai tashi ba, kuma gyaranta ya fi duk abin da zai samo tsada. Amma maginin da ya shekara arba'in a sana'a yana da abin sayarwa ban da ƙarfinsa. Shi ya san bulo nawa da siminti nawa ɗaki zai ci, shi masu gida suka yarda da shi. A ci gaba da karɓar aiki da sunansa, yaransa su yi, shi ya zauna a inuwa ya duba, a fitar masa da kasonsa, kuma a yi wannan yarjejeniya a fili gaban shaida. Kuɗin cefane ko da daga aljihunka suka fito, ka ba shi ya miƙa wa Mama da hannunsa. Tafiya a ƙasa ta minti ashirin zuwa talatin kullum, idan ciwo ya bari, tana da amfani ƙwarai, domin maganin yana zubar da tsoka.

Rashin barcin nan kuma ba abin haƙuri ba ne, abin magani ne. Kuskuren da aka fi yi shi ne a jira sai ciwo ya taso sannan a ba da magani. Zafin cutar kansa ana ba shi magani ne a kan agogo, ko yana ciwo ko ba ya yi. Ana farawa da paracetamol, giram ɗaya sau uku ko huɗu a rana, kada ya wuce giram huɗu. Su diclofenac da ibuprofen suna jin ciwon ƙashi, amma suna cin ciki suna taɓa ƙoda, kuma mutumin da fitsari ya taɓa riƙe masa mai yiwuwa ƙodarsa ta riga ta jigata, don haka kada ya sha su sai an auna ƙodar likita ya amince. Idan waɗannan ba su isa ba, ku nemi a rubuta masa mofin na sha. Yana cikin magunguna masu araha, ana samunsa a manyan asibitocin koyarwa da takardar likita. Yawanci ana farawa da miligiram 2.5 zuwa 5 duk awa huɗu, da ƙarin awo guda idan ciwo ya ɓullo a tsakani, ku kuma riƙa rubuta sau nawa aka ba da ƙarin, da wannan lissafi likita zai daidaita awon. Mutane suna tsoronsa, suna cewa maganin wanda ya kusa tafiya ne ko zai zama jaraba. Mai ciwo na gaske da ke shan awon da aka rubuta masa ba kasafai yake faɗawa wannan ba, kuma mutane da yawa suna shansa suna harkokinsu. Gyangyaɗi da tashin zuciya na kwana biyu-ukun farko suna wucewa. Abin da ba ya wucewa shi ne taurin bayan gida, saboda haka daga ranar farko a haɗa shi da mai sassauta ciki, irin su bisacodyl ko senna ko lactulose, kullum. Idan kuka ga barci ya yi masa nauyi har ba ya tashi da sauƙi, ko jikinsa na zabura, ko numfashi ya ragu, a dakata da awo na gaba a tafi asibiti. Allurar penta da ake yi a kemis ku guje ta: ba ta daɗewa, tana karya aikin mofin, tana kuma barin gyambo inda ake yawan yinta. Kwalbar mofin a kulle ta, mutum ɗaya ya riƙe makulli.

Idan ciwon a wuri ɗaya ya tsaya, ku tambayi gashin na'ura, wato radiyoterafi. Ga ciwon ƙashi, gashi ɗaya tak mai awo 8 yana rage zafi daidai da wanda ake rarrabawa kwana biyar ko goma, kuma kusan mutum shida cikin goma suna samun sauƙi cikin mako ɗaya zuwa huɗu. Zuwa ɗaya ke nan maimakon mako biyu na kuɗin mota da masauki. Ana yinsa a wurare irin su Shika da asibitin koyarwa na Sakkwato da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja, amma na'urorin gashi sukan tsaya, don haka a karɓi takardar turawa, a kuma tabbatar ta waya cewa ana aiki kafin a ɗauki mara lafiya a hau hanya.

Akwai alamomin da ba a kwana da su a gida, kowa a gidan ya san su, har da Mama da ƙannenka. Ƙafafu su yi nauyi ko su mutu, tafiya ta canza, ciwon baya ya zagayo kamar an ɗaure shi da igiya, cinyoyi ko mazaunai su daina ji, bayan gida ya riƙa zuwa ba da saninsa ba. Wannan laka ce ake dannewa, kuma awanni ne ke raba wanda zai ci gaba da tafiya da wanda zai shanye. A kwantar da shi a miƙe, a kai shi sashen gaggawa ko da tsakar dare ne, a ce musu yana da cutar kansa a ƙashin baya. Kada a kai shi wurin mai ɗori ko mai tausa. Haka nan idan roba ta daina kawo fitsari na awanni mara tana kumbura, ko jini ya cika jakar, ko zazzaɓi da rawar ɗari suka kama shi, ko ya rikice yana ta ƙishirwa.

Bayan an danne sinadarin, likita zai iya kawo maganar ƙari. Manyan bincike, ciki har da wanda aka yi a Ingila mai suna STAMPEDE, sun nuna cewa ƙara docetaxel ko abiraterone tun da wuri yana tsawaita rayuwa. Docetaxel kemo ne, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, na ƙarin ruwa, sau shida, duk mako uku, ana gamawa an gama, saboda haka ana iya lissafa kuɗinsa tun daga farko. Yana so jiki ya kasance da ƙwari, kuma duk zazzaɓin da ya kai 38 a lokacinsa na gaggawa ne, sai ku sayi ma'aunin zafi. Abiraterone ƙwaya ce ta kullum ba ranar dainawa, ana haɗa ta da prednisolone, ana kuma bibiyar hanta da hawan jini da gishirin jini. Awonta na asali ƙwaya huɗu ne masu miligiram 250 kafin a ci komai, amma wani bincike na Jami'ar Chicago a 2018 ya nuna ƙwaya ɗaya tare da karin kumallo mara maiƙo tana sauke PSA, wato sinadarin da ake aunawa a jini don bin diddigin cutar, kusan daidai da huɗun. Rubu'in kuɗi ke nan. Kada ku yi wannan da kanku, ku tambayi likita ko ya dace da Baba. Duk abin da aka rubuta, magani ne ko hoto, ka yi tambaya huɗu: me zai ƙara masa, har tsawon yaushe za a yi, nawa ne jimillarsa zuwa ƙarshe, akwai mai rahusa da ke yin aikin? A kan hoto ko gwaji mai tsada kuma ka ƙara da cewa: sakamakon zai canza maganin da ake ba shi? Maganin da za a fara a yanke bayan wata biyu don kuɗi sun ƙare, gara ba a fara ba.

Taimako kuwa akwai, sai dai ba ya zuwa sai an bi shi. Ƙofar farko ita ce ofishin walwalar marasa lafiya da ke cikin asibitin, su ne ke tantance marasa ƙarfi su rubuta a rage ko a yafe wasu kuɗaɗe. Gwamnatin tarayya tana da asusun tallafa wa masu kansa marasa galihu, CHF, wanda ya shafi kansar mama da ta bakin mahaifa da irin ta Baba. An fara shi a asibitoci shida, ciki har da Shika da Gwambe da Babban Asibitin Ƙasa. Ba a ba mutum kuɗi a hannu, magani ake biya masa, kuma masu nema sun fi kuɗin yawa, don haka ku cike takardu da wuri amma kada ku dakatar da magani kuna jira. Akwai kuma shirin CAP da aka ƙaddamar a 2019, wanda ke sayar da wasu magungunan kansa da rahusa a kantin maganin asibitocin koyarwa, Asibitin Malam da Shika suna cikin na farko, sai ku tambaya ko maganin Baba na ciki. Idan akwai ma'aikacin gwamnati a cikinku mai inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ya tambayi yadda ake ƙara mahaifi da biyan wani abu, ku kuma leƙa hukumar inshorar lafiya ta jihar Kano, KSCHMA. Inshora ba za ta ɗauke komai ba, amma ganin likita da gwajin jini da kuɗin gado ma kuɗi ne. Zakka halal ce gare ku, domin mabuƙata da waɗanda bashi ya yi wa katutu suna cikin mutum takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata. Ku rubuta wa Hukumar Zakka da Hubusi, ku kuma sa limamin unguwa ya yi magana da masu hali, musamman waɗanda Baba ya gina wa gidaje. Duk inda za ku je za a nemi abu iri ɗaya: sakamakon gwajin nama, na PSA, rahoton hoto, wasiƙar likita mai ɗauke da ƙiyasin kuɗi, da lambar NIN. Ku haɗa su a jaka ɗaya, ku ɗauki hotonsu a waya. Wannan jaka ita ce kuma za ta hana a sa ku maimaita gwaji duk asibitin da kuka shiga.

A cikin gida, ku zauna ku bakwai ɗin da Mama da Baffa. Kowa ya faɗi abin da zai iya bayarwa duk wata ba tare da ya karye ba, domin kaɗan mai zuwa kullum ya fi mai yawa na rana ɗaya amfani a irin wannan jinya. Wanda ba shi da kuɗi ya ɗauki kwana, ko rakiya asibiti, ko bin layin kati, ko ba da jini. Ku auna rukunin jininku tun yanzu, cutar da ke ƙashi tana rage jini, kuma ranar da aka ce a kawo leda biyu ba ranar neman mai bayarwa ba ce. Asusu ɗaya, ma'aji ɗaya, littafi ɗaya da kowa zai iya buɗewa, kowane rasit a ajiye. Zargi a kan kuɗin jinya ya raba 'yan'uwa da yawa, littafin nan ne maganinsa. Ku ware kuɗin da ba a taɓawa, wanda zai isa mota da daddare da kwana biyu a asibiti. Idan dole sai an sayar da wani abu, a fara da wanda ba ya kawo kuɗi kuma ba a kwana a cikinsa, abin sana'a da gidan zama su ne na ƙarshe. Bashin manhajar waya da na mai ruwa kada ku kusance su. Idan za ku nemi taimakon jama'a a Facebook ko WhatsApp, sai da izinin Baba, kuma ba da hotonsa a kwance da roba ba.

Inda kuɗin masu jinya suka fi zurarewa shi ne wurin masu maganin da ke alkawarin warkar da kansa cikin kwana kaza. Addu'a da tofi ku yawaita, zogale a ci a matsayin abinci, amma duk jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba yana iya ƙarasa ƙodar da dama ta raunana. Mafi haɗari ga Baba shi ne maganin ƙarfin maza, domin wasu ana zuba musu sinadarin nan da ake ƙoƙarin yankewa. Maganin asibiti ma a saye shi a kantin asibiti ko babban kanti mai rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kada a bar allura a cikin mota a rana.

Robar fitsari tana son jakar ta kasance ƙasa da mara koyaushe amma ba a kan ƙasa ba, a zubar kafin ta cika, a wanke wurin da ruwa da sabulu kullum, ya sha ruwa kamar lita biyu in likita bai hana ba, a kuma canza ta a ranar da aka sa. Bayan wata biyu ko uku da danne sinadarin tsokar takan saki, ku tambaya a gwada cire robar. Abinci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida: kunun gyada, fura da nono, ƙwai, wake, kifi. Kada a hana shi abinci da sunan kashe cutar da yunwa. Salla kuwa, hadisin Imrana ɗan Husaini ya ba shi damar yi a zaune, in ya kasa a kishingiɗe, malamai kuma sun yi sauƙi a alwalar mai yoyon fitsari da azumin mara lafiya, ku tambayi malaminku.

Tun yana da ƙarfinsa, a zauna a rubuta bashin da ake binsa da wanda yake bi, kuɗin aikin da ya karɓa bai gama ba, da inda takardun gida suke. Wannan ba kiran mutuwa ba ne, rubuta wasiyya umarni ne ga mai lafiya ma. A wurin mutane da yawa danne sinadarin shi kaɗai yana riƙe cutar shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, wasu fiye da haka nesa, sannan PSA ta fara hawa a koma wani magani. Shi ya sa ake auna ta duk wata uku, kuma ya fi kyau a riƙa yi a ɗakin gwaji ɗaya. Idan aka kai lokacin da Baba ke wuni a kwance fiye da rabin yini, kemo ya fi cutarwa a kan amfani, kuɗi sai su koma kan maganin ciwo, katifa mai laushi, da mai juya shi duk awa biyu don kada gyambon kwanciya ya kama shi. Ku nemi a haɗa ku da sashen kula da masu doguwar jinya tun kafin a kai nan.

Kai kuma ka riƙe aikinka. Albashin nan, komai ƙanƙantarsa, shi ne kuɗi ɗaya da ake da tabbacin zuwansa duk wata, don haka ka sanar da shugaban makarantarku halin da ake ciki, ka tsara ranakun asibiti, sauran ranakun wani ya raka shi. Mama ta samu dare biyu a mako da za ta yi barci wani na tsaron Baba, a kuma duba mata hawan jini. Sannan wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi wannan cuta haɗarin kamuwarsa ya kai ninki biyu na sauran maza. Kai da ƙannenka maza ku fara maganar gwajin PSA da likita daga shekara 40 zuwa 45. Baffa kuwa ya riga ya kai, ranar da ya raka ku asibiti a ɗebi jininsa a auna.